Gilashin da Zai Ɗauke Mu Duka

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa gare ka, Ɗan Goggo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar birni, ina gaida mutanen gidan da ka sauka a Sakkwato, Allah ya saka musu da alheri. Allah ya tsare ka a shigarka da fitarka, ya sa aikin nan da ka samu a Legas ya zama sanadin rufin asiri, ya raba ka da mugun ji da mugun gani.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, kuma tun da aka yaye ka yayata ta ɗauke ka zuwa Kajiji ta raine ka, shi ya sa har yau ba ni da sunan da nake kiranka da shi sai nata. In ka zo Boɗinga ka durƙusa ka gaishe ni, in amsa ina duban wani wuri, ka tashi. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi, kuma ban ce laifi ne ba. Sai dai abin da ke raina yau ya fi ƙarfin gaisuwa, don haka na ɗauko takarda. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen, ido ne ya kai ni haka.

Goggo ta zo shekaranjiya duba innarka. Ita ta gaya mini cewa ubangidanka na wurin aiki ya ba ka kyamara irin tawa ta da, mai 'yar taga a gefe, wadda sai ka murɗa har inuwa biyu su hau juna kafin ka latsa, amma ta zamani, marar fim. Ta ce gangar jikin kawai ya ba ka, gilashin gaba kai za ka saya, kuma guda ɗaya kawai kuɗinka zai kai. Na tambaye ta wanne ka zaɓa. Ta ce, "Ni mi nis sani? Shi dai yac ce wanda ka jawo na nesa kusa."

Tun da ta faɗi haka hankalina bai kwanta ba. Zan gaya maka dalili tun yanzu, kada ka ɗauka tsohon mai hoton bakin tasha ne ke son nuna ya fi ka sani. Babu hoton da kai da innarka kuka fito tare a cikinsa, ko ɗaya. Na ɗauki angwaye, na ɗauki maniyyata, na ɗauki jarirai da yanzu suke da jikoki, amma wannan babu shi. Ka ga yadda jikinta ya koma. Abin da likita ya gaya mini ba zan rubuta shi ba, rai a hannun Allah yake. Kai kuma an ce sai ka daɗe kafin a ba ka hutun da zai kawo ka gida. Ni idona ya yi yana, in na leƙa taga ban san wace inuwa zan ɗora kan wacce ba. Saboda haka in hoton nan zai yiwu, da kyamararka zai yiwu, cikin kwanakin da suka rage maka, kuma gilashin da ka saya shi zai yanke hukunci.

Ba na ganin laifinka, ni ma na so dogon gilashi da ƙuruciya. Kyamarata ta farko 'yar Rasha ce, na saye ta hannun wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, kuma ban huta ba sai da na samo mata mai jawo nesa. Nakan rataya ta in bi kasuwa ina hura hanci, har abokaina suka sa mini suna Mai Bindiga. Wata rana na je bayan Horo Birni, na hango wani tsohon Arɗo a rugarsa yana ba bijiminsa kanwa da hannu. Abin ya yi mini kyau. Na laɓe bayan wani gawo na ɗauke shi, na hau kekena na komo, bai san an yi ba. Da na wanke hoton na ga ya fito, sai na koma in kai masa, ina ta tunanin irin yabon da zan sha.

Ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ni yaushe na zo. Na gaya masa. Ya ce, "Ban ji sallamakka ba." Na fara bayanin gilashi da yadda yake kawo nesa kusa, ya bar ni har na gama. Ya ce, "Kaz zo gidana kat tahi ba ka sha ko ruwa ba. Mutane su ji, su ce mi?" Ya miƙo mini hoton, ya sa aka kawo nono da fura a ƙwarya. Na zauna na sha. Shi bai ce na yi masa sata ba. Damuwarsa ita ce baƙo ya tako ƙofarsa ya koma ba a karrama shi ba, kuma ni na jawo masa.

To ka ji. Dogon gilashi yana koya wa mutum tsayawa daga nesa, wanda kuwa ya saba da haka yakan manta sallama. Inda za ka ma, mutane ne, suna da mutuncinsu ko da ba ka jin yarensu. Ka matsa, ka yi gaisuwa, ka faɗi ko kai wanene, in an ce a'a ka rataye kyamararka ka yi godiya. Ban da haka, ita kanta irin wannan kyamara ba a gina ta don nesa ba. Tagarta ba ta ƙara wa komai girma. In ka ɗaura dogon, mai lamba casa'in, ɗan akwati za ka gani a tsakiya, mutum a cikinsa kamar ƙwayar wake, kana murɗawa kana addu'a. In wurin aiki suka buƙaci na nesa, su ba ka nasu.

Mai lamba talatin da biyar nake so ka saya. Yana da faɗin da zai ɗauki tsakar gida, kuma ba ya lalata fuska. Mai shago zai iya nuna maka wanda ya fi shi faɗi, ya ce maka wannan har maƙwabta zai kwaso. Kada ka biye masa. Mai faɗi da yawa yana ja wa na gefe kai, ya karkata masa kafaɗa. A hotunan Turawa ban sani ba, amma a namu na gefe su ne manya. Suruki can yake tsayawa, uwa can take zama, na tsakiya yara ne. Kuma in Allah ya komo da kai ka shiga ruga da shi, ka kula da abin da faɗinsa ke kwasowa. Makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu, hoton da ya nuna garke gaba ɗaya kuwa ƙirga ne. A zamanin nan da hoto ke yawo daga waya zuwa waya, ba ka san idon da zai faɗa a kai ba. Ka ɗauki mutum da saniya ɗaya ko biyu, ka bar masa sauran.

Tunda na hannu za ka saya, kada kunya ta hana ka dubawa. Ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa ciki, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo ka ajiye masa kayansa, funfuna ce ta fara cinsa. Ka ɗaura shi a kan kyamararka, ka fita bakin shago, ka ɗauki fuskar wani a kusa, ka ɗauki hasumiyar masallaci daga nesa, ka buɗe hoton a allon baya ka gani da idonka. Ku kun ji daɗi, nan take kuke ganin abin da kuka yi. Mu sai an wanke fim, bayan mai abu ya riga ya tashi.

Wannan ya tuna mini da wani manomin albasa na Dingyaɗi. A wata shekara Allah ya ba shi albasar da bai taɓa samun irinta ba, ya tara ta a bakin fadama, ya aiko a kira ni in ɗauke shi da ita kafin mota ta zo, yana son ya aika wa wansa da ya daɗe a Kurmi, can kudu. Lokacin na sayi mashin sabo-sabo, kaina na rawa. Na ɗaure jakar kyamara a bayan mashin da roba, na bi hanya ina faɗawa rami ina fita. Ashe jijjigar ta gusar da ɗan madubin da ke ciki. Inuwa biyu suna haɗuwa a taga yadda suka saba, amma ƙarya suke yi mini. Mutumin ya sa babbar rigarsa ta salla, ya dafa tulin albasa, na ɗauka har ina ce masa ya ɗaga haɓa.

Da hoto ya fito, shi da albasar duk sun zama hazo-hazo. Jakin da ke ɗaure can baya kuwa har gashin kunnensa ana ƙirgawa. Albasa ta riga ta bi mota. Na kai masa ina gumi. Ya duba, ya juya shi, ya ce, "To, jakin dai ya hito." Mutanen wurin suka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga inda ya ninke hoton ya sa aljihu, kuma na san bai aika wa wansa komai ba. Albasa irin wannan ba ta sake zuwar masa ba.

Don haka bayan gilashi, jaka ce ta biyu. Ka nemi mai soso a ciki, ƙarama, marar ado, wadda ba ta kiran ido. Ka rataya ta a ƙirjinka, jikinka ya sha jijjigar. Ko a mota kada ka bari yaran mota su jefa ta cikin kaya, ka ɗora ta a cinya har Legas. Igiyar wuya ma ka duba ɗinkinta, ba kyanta ba. Kuma duk lokacin da ka yi doguwar tafiya, kafin ka ɗauki kowa, ka gwada ta a kan abu mai nisa ka ga ko inuwar ta hau daidai.

Ka sayi 'yar malfar da ake sa wa bakin gilashi, tana tare rana, tana kuma karɓar bugu in ka ci karo da bango. Murfi kuwa, in kana aiki ya zauna a aljihu, domin a irin wannan kyamara ba ta cikin gilashi kake leƙe ba, yana rufe ma kana ganin duniya sarai. Na taɓa jera dattawa a wurin suna na ɗauke su da murfi a rufe. Duk sun gani, ba wanda ya ce uffan, sun ɗauka cikin aikin ne. In ka gama kuma ka mayar da shi. Ni rana ta taɓa huda mini labulen ciki don na bar kyamara a kan benci tana kallon sama. An ce na yanzu ƙarfe ne, ban sani ba, ni dai ban yarda da ranar ƙasar nan ba. Batir ka riƙe biyu, katin ajiyar hoto ma haka. Filasha ka bar ta sai wani lokaci, tana firgita dabba, tana sa tsofaffi rufe ido. Legas ban taɓa zuwa ba, amma an ce bango ma gumi yake yi, saboda haka ka sami gwangwani mai rufuwa sosai ka riƙa kwantar da gilashin a ciki.

Duk wannan da na faɗa, wani ma zai iya gaya maka. Abin da ke tafe ni kaɗai na san shi, sai Goggo.

Ka tuna ranar walimar saukarka, da aka kawo ka daga Kajiji da farar riga da allonka mai zayyana. Lokacin na rabu da dogon gilashi, mai lamba hamsin kaɗai gare ni, shi nake cin abinci da shi. Ka san tsakar gidanmu ba ta da zurfi. An tsayar da kai gindin rumbu. Ina gyara kyamara sai na ga innarka ta fito bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya, tana duban wajen murhu kamar tukunya ce ta fito da ita. Amma sabon zane ne a jikinta, kuma babu komai a kan murhun. Ba ta taɓa tsayawa inda kake tsaye a gaban mutane ba sai ran nan. Da gangan ta fito, kuma na gane.

Na leƙa taga. Ga ka, ga rabin kafaɗarta. Na ja da baya, na ƙara ja, har bayana ya bugi bangon zaure, ba ta shigo ba. Sai bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa wa kowa a bakin tasha. Na ce, "Ku ɗan matso." A gaban mata cike da gida na ce wa uwa ta matso kusa da ɗanta na fari. Wata ta yi guɗa, wasu suka fara tsokana. Ta sunkuyar da kai ta koma ɗaki, ba ta sake fitowa ba har aka watse. Hoton da ke rataye a ɗakin Goggo, wanda kake tsaye kai kaɗai, shi ne na ranar. In ka duba gefen hagu za ka ga bakin labule bai gama sauka ba.

Da yamma Goggo ta same ni a zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ta hito maka har bakin ƙohwa. Mi kaka so kuma?" Ita ta yi iyakar abin da kunya ta bar ta ta yi. Sauran tazarar aikina ne in cike ta, kuma ban zo da abin cikewa ba.

Daga baya na sayi mai faɗin. Amma ka tafi makarantar kwana, in ka zo hutu Kajiji kake sauka, nan sai gaisuwa. Ita kuma in ta ga kyamara a wuyana kana gidan, sai ta sami aiki a ɗaki. Na kasa samun bakin da zan tayar da maganar, ina cewa akwai lokaci, har ido ya tafi, har na sayar da kayan. Abin yana ci mini rai, kuma tun da ta kwanta ya fi ci.

Ga shawarata, kuma ita ce mafi girma a takardar nan. Kada ka taɓa gyara wa mutane zama don kayan aikinka sun gaza. In ka shiga gida, ka fara duba wanda ya zauna nesa da wani, ka san akwai dalili. Wata tazarar gaba ce, wata kuwa ƙauna ce da ba ta da wata hanyar fita. Ba aikinka ba ne ka tambaya. Kai za ka matsa, kai za ka durƙusa, kai za ka zo da gilashin da zai ɗauke su yadda suke.

Saura abu ɗaya da za ka haɗo da shi, ƙafa uku da ake ɗora kyamara. Ba sai mai tsada ba, wadda dai ba ta rawa. Kyamararka tana da ɗan jinkirin da za ka latsa ka je ka zauna kafin ta ɗauka. Ina so a yi haka ne domin in akwai wani tsaye yana leƙe, ko kai ne, innarka ba za ta iya ɗaga kai ba. Goggo ta ce ita tana da hotunanka da yawa, za ta kwashe yara su shiga maƙwabta. Ka kafa kyamarar a bakin zaure, ka ƙanƙance ƙofar haske zuwa lamba takwas don na kusa da na nesa su fito tare. Kada ka ce a duba nan, kada ka ce a yi murmushi. Ka ɗauka sau da yawa, tunda ku fim ba ya ƙare muku.

An ce niyyarka ka biyo da magariba ka yi sallama, da asuba ka kama hanya. Ina roƙonka ka zo da wuri, ka yi azahar a nan. Bayan la'asar ne haske ke kwantawa a tsakar gidan, kuma lokacin ne jikinta ke ɗan sakinta har a fito da ita ta sha iska.

Jiya na gwada mata maganar. An shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, na kawo mata magani na zauna daga gefe. Ban ambaci hoto kai tsaye ba. Na ce yaron nan zai sayi wani gilashi mai faɗi, wanda mutum zai zauna nan, wani ya zauna can, duk su fito ba wanda ya motsa. Na ce misali ita tana nan inda take, kai kana gindin rumbu inda ka tsaya a wancan karo, ba wanda zai ce wa kowa komai. Ta daɗe tana duban rumbun, har na ɗauka na sake ɓata abin.

Sai ta ce, "Wajen rumbu akwai rana har marece. Tahiya za shi yi, kada kai shi yi mashi ciwo." Ta sa tafin hannunta a bakin tabarmar da take kai, ta share wurin da babu ko ƙasa. Ta ce, "Shi zamna nan."

Na tashi na shiga zaure, na daɗe ban fito ba.

Duk da haka ka sayi mai faɗin. Ni ban kai ta ƙarfin hali ba. Zan zauna can gindin rumbu, ranar ba ta dame ni ba, kuma ina so in fito a hoton.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kai ka lafiya, ya sa ka gama da mu lafiya. Allah ya ba innarka sauƙi, ya sa ka komo ka iske ta. Amin.

Daga ƙanen Goggonka,
Boɗinga.